Za mu kai Baba da yara kamun kifi bakin teku a Ada, ina neman shawara

Dan_Nima82: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar teku ku taimaka min da shawara. Mahaifinmu zai zo mana Akra daga Yawuri a hutun ƙarshen shekara, shi da Inna da ƙanwata da yaranta biyu. Baba Basarke ne, tun yana ɗan yaro yake su a kogin Kwara, amma bai taɓa jefa ƙugiya a ruwan gishiri ba, kuma tun da aka fara maganar tafiyar ba shi da zance a waya sai wannan, wai shi sai ya kama kifin teku da hannunsa. Na yi tunanin mu je Ada Foah tunda nan ne kogin Volta yake faɗawa teku, kuma ba nisa can can daga Akra. To abin da ya raba mu a gida shi ne, mu ɗauki hayar kwale-kwale mu fita cikin teku sosai, ko mu tsaya a gaɓa mu yi fatsa daga tudu? Maman yara ta ce ita da 'ya'yanta ƙafarsu ba za ta taka jirgi ba. Baba kuma ya ce wanda ya tsaya a kan yashi yawon shan iska ya je, ba su ba. Ni ga ni nan a tsakiya.

Alhaji_Tudu: Wa'alaikumus salam ɗana. Da farko dai kada ku sa ranar Talata. Masuntan bakin tekun Gana ba sa fita ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, za ka je ka tarar da jirage a kife ana ɗinkin taru, ko nawa ka ba mutum ba zai tura jirginsa teku ba. Hanya kuwa mai sauƙi ce, titin Aflao za ku hau ta Tema, in kun kai mahadar Kasseh ku karya dama, kilomita ɗari da 'yan kai ne gaba ɗaya daga Akra. Ku fita da asuba saboda cunkoson Tema. Lokacin da kuka zaɓa ma ya yi, domin da hunturu teku ya fi kwanciya, ba kamar Yuni zuwa Agusta ba da yake hauka.

UmmuSadiq: Ni dai ina bayan matarka ɗari bisa ɗari. Haba Yaya, yara ƙanana a cikin kwale-kwale a tsakiyar teku? An manta abin da ya faru a Bagwai a 2021 ne, yara 'yan Islamiyya aka ɗebo a jirgi ya kife da su, kuma fa ruwan dam ne ba teku ba. A shekarar dai ga na Warra a can Kebbi kusa da garinku. Allah ya ji ƙansu. Ku bar Baba ya je shi da maza manya in ya matsa, yara su tsaya su yi wasan yashi.

Kwamandan_Shayi: Hhhh wato Baba ya ce wanda ya tsaya a yashi shan iska ya je. To ni a rubuta sunana a layin masu shan iskar, in an soya a kira ni

Jikan_Sarkawa: Ɗan'uwa gaishe da Baba, mu ma jininmu ɗaya ne, iyayena daga gefen Argungu suke. Abin da zan faɗa maka ka faɗa masa cikin ladabi: sanin kogi daban, sanin teku daban. A kogi ruwa hanya ɗaya yake bi, ka san inda yake da zurfi, ka san inda giwan ruwa ke kwanciya, ka san ramin tarwaɗa, in jirgi ya kife ka ga gaɓa ta dama ka ga ta hagu. Teku kuwa ɗaga ka yake ya ajiye, ba ya tsayawa ko na daƙiƙa, kuma wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne daidai bakin da kogi yake shiga teku, musamman in ruwa yana janyewa, don ruwan kogi yana turowa waje igiyar teku tana turowa ciki, sai su yi karo igiyar ta miƙe tsaye. Masuntan da aka haifa a wurin ma lokaci suke jira kafin su ƙetare. Su tsofaffinmu ne fa suka ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Dan_Nima82: @Jikan_Sarkawa wallahi in na gaya wa Baba wannan karin maganar cewa zai yi shi ya koya wa wanda ya koya maka. Amma na gane. To shi lokacin cika da janyewar ruwan ta yaya ake saninsa?

Jikan_Sarkawa: Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da kwana, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kamar minti 50, wato in yau ya cika ƙarfe 7 na safe gobe sai wajen 8 saura. Da wata yake tafiya. Tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15 nan ne cikar ta fi yawa janyewar ma ta fi yawa, ruwan ya fi gudu. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata ya fi laushi. Don haka kalandar Musulunci ta bangon ɗakinka ma ta ishe ka fara lissafi, sannan akwai manhajoji a waya da suke nuna awannin. Kifi ya fi cin ƙugiya lokacin da ruwa ke shigowa, in ya dace da sassafe ko gab da magariba to ka gama sa'a.

MaiSanyi_Tema: Duk wannan lissafi da kuke yi sai in akwai kifin a ruwa ai. Ni kifi nake sayarwa, a gidan sanyi nake aiki a Tema, kuma ina gaya muku da yawa daga abin da ake ci a Akra yanzu a kwali yake zuwa daga waje a daskare. Ƙananan kifin nan amane da ake banda, wanda a da in Agusta ta zo har rasa inda za a zuba shi ake, ya yi ƙasa sosai. Manyan jiragen jan taru sun kwashe, a shekarun baya sun riƙa kama ƙananan da ba hurumin su ba su daskarar da su falle-falle su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku, abin da ake kira saiko ke nan, Elmina ta yi suna da shi. Su ma ƙananan masuntan ba su tsira ba, wasu da fitila suke su da dare, wasu har da nakiya da guba. Har Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2021 a kan wannan. Shi ya sa gwamnati ta shigo da rufe teku a watan Yuli wasu shekarun. To kada Baba ya zo da tunanin zai cika jirgi, in ya samu uku huɗu masu kyau ya gode wa Allah.

Alhaji_Tudu: Malam na Tema gaskiya ka faɗa amma ka tsorata yaro da yawa. Mai ƙugiya ɗaya ba ruwansa da amane. A bakin Ada har yanzu ana samun barakuda, ana samun jan kifi, ana samun kuroka. Wanda ya je don nishaɗi da iyalinsa ba ɗan kasuwa ba ne.

DanAgege: ni abin da ban gane ba me ya sa sai an kai tsoho har gana, ga legas a hanya? ai ta nan zai wuce kafin ya bi seme da kwatano da lome. ku hadu a nan kawai ku shiga jirgi zuwa tarkwa bay, minti kadan ne, ko ku wuce badagry ko epe kasuwar kifi, can zai ga kifin da bai taba gani ba

Alhaji_Tudu: Yaro ai ɗansa a unguwar Nima ta Akra yake zaune, jikokinsa zai zo gani. Sannan Epe ai ba teku ba ne, a bakin tafkin Legas take.

DanAgege: to Alhaji ai ruwan hade yake da teku

Kwamandan_Shayi: An fara. Najeriya da Gana, daga shinkafa dafa-duka yanzu an koma rigimar wa ya fi ruwa

Nas_Rakiya: Bari in sa baki ta ɓangaren lafiya tunda ba wanda ya taɓo. Na ɗaya jirin teku. Ba ruwansa da jarumta, ba ruwansa da cewa kai Basarke ne, kogi ba ya lilo da mutum yadda teku ke yi, sai ka ga ƙato ya kwanta a ƙasan jirgi yana amai yana roƙon a mai da shi gida. A ci abinci mara maiƙo kaɗan kafin a fita, kada a fita da yunwa kada kuma a cika ciki da waake da ƙwai da taliya, a zauna tsakiyar jirgi, a riƙa kallon can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Citta tana taimakon wasu. Akwai ƙwayar hana jiri a kemis, ana sha kamar awa ɗaya kafin a shiga, tana sa barci, kuma ga tsoho mai shan maganin hawan jini ko ga yara a tambayi mai kemis ɗin ko likita tukuna.

Na biyu kuma wanda ya fi damuna, masu cewa yara su tsaya su yi wanka a gefen kogi don ya fi kwanciya. Ƙasan Volta akwai tsargiya. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 gudun ruwan ya ragu, ciyawa ta yi yawa, dodon koɗin da ke ɗauke da cutar ya samu wurin zama, shi ya sa ma ake yashe bakin kogin don ruwan gishiri ya riƙa shigowa yana kashe su. Yaro zai yi wankansa lafiya lau, sai bayan makonni ka ga fitsari da jini. Tana da magani, amma gara a ce ba a ɗauko ba.

UmmuSadiq: Innalillahi. To Anti Nas kogi tsargiya, teku igiya, ina za su sa ƙafa ke nan? Ni na ce ma a zauna a gida a sayo kifin a kasuwa

Nas_Rakiya: A'a ba haka nake nufi ba Maman Sadiq. Shiga jirgi a kogi ba matsala, wanka da iyo ne a wurin da ruwa ya kwanta da ciyawa nake cewa a guje. A gefen teku kuma su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu zuwa gwiwa ba, babba yana riƙe da su, don yashin Ada gangare ne kuma igiyar tana ja da ƙarfi in za ta koma. Wanda ya iya iyo in ya ji ruwa yana jansa ciki kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye, zai gaji, ya bi gefe tare da tsawon gaɓar har ya fita daga inda ake jan.

Maman_Kribi: Sannunku da hira. Mu nan Kamaru Kribi muke zuwa da yara in an yi hutu, kuma abin da nake so in gaya wa mai tambaya shi ne kada ya ɗauka mata da yara zaman jira kawai za su yi. Ranar da ta fi yi wa yarana daɗi ba mu shiga jirgi ba sam. Da safe muka tarar da masunta suna jan taru daga tudu, igiya biyu doguwa doguwa mutane sun yi layi suna ja suna waƙa, yaran suka ruga suka kama igiya su ma, da tarun ya fito suka ga kifi yana tsalle, ga ƙaguwa ga jatan lande ga wasu halittu da ni kaina sai kallo. Aka ba su 'yan kifi a leda ladan ja. Har yau in ka ji suna ba da labari sai ka rantse su kaɗai suka jawo shi. Daga nan muka je inda ruwan Lobe yake zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, muka dawo kasuwar bakin ruwa muka zaɓi kifi aka gasa mana a gabanmu. Na tabbata a wajenku ma ana jan tarun.

Alhaji_Tudu: Ana ja Hajiya, daga Ada har Keta wannan ce sana'ar, kuma wanda ya taya ja ba ya tafiya hannu rabbana. Wannan shawara ce mai kyau.

Dan_Nima82: Hajiya na gode, na karanta wa maman yara wannan ta ce in dai wannan ne ta yarda. Saura Baba.

Ustaz_Ashaiman: Tunda Hajiya ta ambaci ƙaguwa da jatan lande, na san za a yi wannan gardamar a bakin ruwan in ba a yi ta yanzu ba, musamman da baƙi daga gida waɗanda ba su saba gani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka, ko an same shi a mace. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma da aka tambayi Annabi (SAW) game da alwala da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kawai. Don haka alwala da ruwan gishirin ma ta yi, ba sai kun ƙarar da ruwan shanku ba. Wanda ransa bai kwanta da cin ƙaguwa ba ya bari, ƙyama daban haramci daban.

Kwamandan_Shayi: Ustaz ni dai ko da fatawa ba zan ci abin da yake tafiya a karkace ba

Jikan_Sarkawa: Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa halal ba ya nufin kowanne ana ci lafiya. Talibambam, wanda yake kumbura in an taɓa shi, na teku yana da dafi a hanta da ƙwai da fata wanda wuta ba ta kashewa, in ya ci ƙugiya a mayar da shi. Akwai kuma mai faɗin nan kamar faifai mai doguwar jela, ƙayar jelarsa tana huda ƙafa, da tarwaɗar teku mai ƙaya a baya da gefe, wannan kam Baba ya san irinta don kurungu ma haka yake. Kada a bar yaro ya kai hannu kan duk abin da ya fito daga taru sai masu wurin sun nuna.

Ustaz_Ashaiman: Haka ne, abin da zai cutar an hana ta wata ƙofar. Sannan sallah: tafiyar ta kai ta ƙasaru tunda ta haura mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, in dai ba ku yi niyyar kwana huɗu a can ba. In lokaci ya riske ku a jirgi kuma kuna da tabbacin za ku sauka kafin ya fita, ku bari ku sauka, kada wani ya ce zai miƙe tsaye a kwale-kwale ya kifar da mutane.

Dan_Jidda: Ni ina ganin kun tsorata bawan Allah nan da yawa. Mu nan Jidda ranar Juma'a da yamma ka zo bakin teku ka ga iyali iyali, tsofaffi da jikoki kowa da sandarsa, wasu kuma su haɗa kuɗi su ɗauki jirgi su fita a kamo najil da hamur da sha'ur. Ba wani abu. Ku ɗauki jirgi mai inji mai kyau ku fita abinku, wannan damar ba kullum take zuwa wa tsoho ba

Jikan_Sarkawa: @Dan_Jidda Bahar Maliya ai rufaffen ruwa ne kuma duwatsun murjani sun tare igiya kafin ta iso gaɓa. Nan kuwa Atlantika ce a buɗe, igiyar tun daga can kudu take tahowa ba abin da ya tsayar da ita sai yashin da kake tsaye a kai. Ka je Ada ka tambayi inda ganuwar Kongenstein take, wadda mutanen Denmak suka gina a 1783, teku ya cinye mafi yawanta. Ƙauyen Fuveme da ke ƙetaren bakin kogin ma teku ya tashe shi.

Dan_Jidda: To wannan ai zaizayar ƙasa ce ta shekara da shekaru ba ta hana fita yini ɗaya ba. Su mutanen wurin ba kullum suke fita ba?

MaiSanyi_Tema: Suna fita kam, amma ka taɓa ganin yadda suke ƙetare igiyar gaɓa? Jirgin miƙewa yake yi hancinsa sama ya faɗo, samarin ciki duk sun iya ruwa, in ya kife su juya shi su hau. Ba wurin kaka da jikoki ba ne. Abin da zan ce, akwai hanya ta tsakiya. A cikin bakin kogin kafin a kai inda igiya ke karyewa ruwan a kwance yake, kuma in teku ya cika gishiri yana shigowa ciki, kifin teku yana biyo shi. Nan ake jan ƙugiya a bayan jirgi a hankali a kama barakuda. Baba ya samu kifin tekunsa, jirgi bai fita teku ba.

Alhaji_Tudu: Yawwa. Kuma in kuna zagaya tsibiran nan ka gaya wa Baba ba baƙon wuri ya zo ba. Gishirin tafkin Songor da ke nan gefen Ada, a jirgi ake ɗaukarsa a haura Volta da shi har Kete-Krachi, daga nan ya kai Salaga, inda ayarin kakanninmu suke sauka sayen goro zamanin fataucin Gwanja. Kete ɗin ma zangon Hausawa ne, can Alhaji Umaru babban malamin nan haifaffen Kano ya zauna har ya rasu a 1934. Tsofaffi suna son irin wannan labarin, sai ka ga ya manta da rigimar fita teku.

Dan_Nima82: Alhaji Baba ba ya mantuwa wallahi, amma zan gwada. To kayan aiki fa? Ya ce zai taho da nasa ƙugiyoyin da zarensa da birgi.

Jikan_Sarkawa: Ya taho da birgin, zai yi amfani a bakin kogin wajen kama ƙananan kifin da za a yi tarko da su, kuma in masuntan wurin suka ga yadda yake watsa shi za su san da wa suke tare, nan take za a zama abokai ko ba a jin yaren juna. Ƙugiyoyin gida kam gishiri zai sa su tsatsa kafin ku dawo Akra, ku sayi na teku a Tema ko Jamestown. Tana ba ta da aiki a nan, jatan lande ko yankan amane ake maƙalawa. Dalma mai nauyi, in ba haka ba igiya za ta dawo maka da zarenka gaban ƙafarka. In barakuda ake nema sai an sa guntuwar waya tsakanin ƙugiya da zare don haƙoransa yanke zare suke yi, kuma a cire masa ƙugiya da filaya, kada a sa yatsa. In an dawo a ɗauraye komai da ruwan daɗi.

UmmuSadiq: Har yanzu ban ji wanda ya yi maganar rigar ruwa ba fa

Nas_Rakiya: Ai ita ce gaba da komai. Kowa ya sa, a ɗaure ta, ba a rataya a wuya don hoto ba. Kuma na manya ba ta yi wa yara, yaro yana faɗawa ruwa zai zame ta ƙasa ya bar rigar tana yawo. Ku nemi daidai su tun daga Akra.

Baƙon_Mamobi: A kan wannan ni ina da ƙorafi. Mun taɓa zuwa da abokai, muka yi ciniki da wani mai jirgi a kan zai zagaya da mu ya kai mu inda ake kamu, ya ce riguna suna cikin jirgi, da muka shiga sai ga guda biyu duk sun yage mu kuwa mun fi haka. Da muka yi nisa ya kashe inji ya ce kuɗin da muka ba shi na jirgi ne ban da mai, ko mu ƙara ko mu koma. To ka ga a tsakiyar ruwa da wa za ka yi gardama. Don haka ku gama magana tun kuna tudu: awa nawa, har ina, man inji a ciki yake ko a'a, kifin da aka kama na wa ne, ku ƙirga rigunan da hannunku, rabin kuɗi kafin tafiya rabi in an dawo. Kuma ku je da wanda ke jin Dangme ko Ewe in da hali, farashin yana sauka.

DanAgege: a legas ai ba za ka hau jirgin haya ba rigar ruwa ba, dole ne. na fada muku ku zo nan

Alhaji_Tudu: Mun ji, ɗan Agege.

Maman_Kribi: Ku tafi da hula da ruwan sha mai yawa da ƙanƙara a kula don kifin, rana a bakin teku tana ƙona mutum bai sani ba saboda iska. Kuma Inna fa? Duk ana ta Baba Baba ba wanda ya tambayi me tsohuwa take so.

Dan_Nima82: Hajiya Inna ta riga ta yanke nata hukuncin, ta ce a nemo mata inuwa da murhu, za ta taho da yajinta da daddawarta, ita dai a kawo kifi ko a kama ko a saya ba ruwanta. Ƙanwata ce ma take son shiga jirgin, mijinta ya ce sai in Baba na ciki.

MaiSanyi_Tema: In kun kwana a can, daga Nuwamba zuwa wajen Maris kunkurun teku suna fitowa yashin Ada da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, ma'aikatan gandun daji suna raka mutane kallo. Yara za su so. Amma doka ta hana kama su ko ɗiban ƙwan, ka ja wa Baba kunne kada ya ga nama ya ce Ustaz ya ce halal ne.

Ustaz_Ashaiman: A'a kada a jingina min. Abin da hukuma ta hana don kada ya ƙare a bar shi.

Dan_Nima82: Jiya da dare na kira Baba na karanta masa kusan duk abin da kuka rubuta. Maganar jan taru da yara ya ce madalla. Maganar kamu a bakin kogi ya yi shiru, can ya ce shi ruwan da ake ganin gaɓarsa hagu da dama ya shekara sittin yana gani, bai biya kuɗin mota daga Yawuri don ya ƙara ganin wani ba. Ya ce a bar mata da yara a tudu ya yarda, amma shi a nemo masa masuntan da za su fita da asuba ya bi su, ko ni kaɗai in raka shi. Ni kuwa ko a Volta ban iya iyo ba.

Dan_Jidda: Tsoho ya yi gaskiya. Ka sa rigarka ka sha ƙwayar Anti Nas ka bi mahaifinka

UmmuSadiq: Wallahi Yaya kada ka biye musu. Mutum mai shekaru haka in jiri ya kama shi a can ba juyowa za su yi saboda shi ba, su neman abincinsu suka fita

Jikan_Sarkawa: Wannan maganar ta Maman Sadiq ita ce abin dubawa, jirgin masunta in ya fita sai ya gama aikinsa, wani sai la'asar wani ma kwana yake. In dai sai ya fita ɗin, to jirgin haya wanda ku kuka biya, ku ke da ikon cewa a juya, a fita da sassafe ranar da teku ya kwanta, a tsaya kusa, awa biyu a dawo. Kuma ranar farko ku fara da bakin kogin tukuna, ku kai shi ya tsaya a kan yashi ya kalli inda ruwan biyu ke karo, shi da kansa zai auna. Wace rana ce ma za su iso, mu duba ta dace da nawa ga wata?

Alhaji_Tudu: Ku duba har da ranar mako, kada lissafin watan ya faɗo muku a Talata.